Melitón Chimil, Magajin Garin da Aka Zaɓa Ba Ya Nan

Haihuwa da asali

An haifi Don Melitón Chimil Yescas (Don laƙabin girmamawa ne a wurinmu, na mata kuma Doña) a shekarar 1957 a garin San Cosme Yaguiza, cikin duwatsun jihar Oaxaca ta ƙasar Meziko. Mahaifinsa, Hermilo Chimil, manomin masara da kofi ne daga Unguwar Gangare, mahaifiyarsa kuma, Petrona Yescas, 'yar Unguwar Tudu ce. A wancan zamani aure tsakanin unguwannin biyu abin surutu ne, domin tun kakanni ba sa jituwa a kan idon ruwa guda da ke tsakaninsu.

Karatu da hidimar gari

Ya shiga firamare a 1964, ya tsaya a aji shida kamar yawancin tsaransa, sannan ya koyi busa a badujalar gari. Da ya cika shekara goma sha takwas ya fara hidima, daga ɗan dokan gari zuwa mai kula da coci, duk ba albashi. A wurinmu ba a neman muƙami, ɗora wa mutum ake yi. Wanda ya ƙi kuwa ya yanke kansa daga jama'a: a rufe gidansa, a karɓe gonarsa, kuma ranar da ya mutu ba shi da kabari a maƙabartarmu.

Aure da tafiya ci-rani

A 1980 ya auri Adelfa Robles Luna, suka haifi Rutilio da Imelda. Da farashin kofi ya karye a 1989, ya tsallaka iyakar arewa ba tare da takardu ba, ya sauka birnin Los Angeles, inda ya fara da wanke-wanke a wani gidan abinci har ya zama kuku. Iyalinsa suka bi shi ta wannan hanya bayan shekara biyu, kuma a can aka haifi autarsu, Noemí, a 1993.

Zaɓen shekarar 1995

A watan Oktoba na wannan shekara mazan gari suka hallara a harabar majalisa domin zaɓen magajin gari da kansiloli, kuma duk wanda ya halarta ya shaida cewa furfura ta fi baƙin gashi yawa, don ci-rani ya kwashe majiya ƙarfi. Kowace unguwa ta tsayar da nata, kuma kowa ya san wanda ya hau shi zai yanke inda famfon ruwa zai fara bi. Tun safe ake ɗaga hannu ana musu har rana ta yi sanyi, ba a daidaita ba.

A nan ne Don Fulgencio Ríos, dattijon da bakinsa ba ya shiru, ya miƙe da sandarsa ya ce: "To ku ɗauko ɗan Hermilo mana. Uba Gangare, uwa Tudu, duk inda ya karkata ya zagi jininsa. Ga shi ya iya wanke kwanukan Turawa, balle ɗan dattin nan namu."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce ai mutumin ba ya nan, Don Fulgencio ya ce gonarsa tana nan, ƙasusuwan ubansa ma suna nan. Kafin dariya ta lafa hannuwa sun tashi daga ɓangarorin biyu, har da na masu hamma. Da aka ga ƙofa ta buɗe, sai aka cike kujerun kansiloli biyu da sunayen wasu 'yan ci-rani. Shi ne karo na farko a tarihin San Cosme da aka zaɓi wanda ba ya cikin taro, kuma gaskiya ita ce gajiya ta yi wannan zaɓe fiye da hikima.

Aka kira Melitón ta wayar gari guda ɗaya da ke kantin Doña Eulalia. Ya roƙi a ɗaga masa ƙafa, ya nemi a yarda ya ɗauki wani ya riƙe masa, aka ce sandar mulki ba a ba da aronta. Kansilolin biyu sun ƙi dawowa, aka rufe gidajensu. Melitón ya san cewa wanda ba shi da takardu fita ce kawai a hannunsa, komawa ba tabbas. An ruwaito cewa Adelfa ta ce masa: "Baban Rutilio, kai kana neman inda za ka kwanta in ka mutu, mu kuma muna neman inda za mu zauna da ranmu." Ya ce mata shekara uku ce kawai, kamar yau ne.

Mulki

Ya karɓi sanda ranar ɗaya ga Janairu, 1996. Ya sa aka gina tankin ruwa daidai kan iyakar unguwannin, da bututu biyu masu faɗi ɗaya, kowane ɓangare ya yi ta gunaguni cewa an cuce shi, kowane ɓangare kuma ya sha ruwa. Ya gyara rufin makaranta, ya farfaɗo da badujala. A tsawon wa'adinsa Adelfa ce ta riƙe yara da aikin share gidajen mutane, kuma ba a taɓa ambaton sunanta a majalisa ba, abin da bai kamace mu ba.

Shekarun baya

Bayan ya sauka ya gwada tsallakawa a 1999, aka kama shi aka mayar da shi. Ya sake gwadawa a 2002, ya dawo da gwiwar da ba ta ƙara miƙewa ba. Adelfa ba ta iya zuwa ba, domin ita ma in ta fita ta rabu da 'ya'yanta ke nan. Babu saki tsakaninsu, babu faɗa, sai waya ranar Lahadi, ita ma ta yi ta gajarcewa. Ya shiga sahun dattawa masu ba majalisa shawara, kuma duk lokacin da aka ambaci sunan ɗan ci-rani a zaɓe, yakan bar hannunsa a kan gwiwa. Mutum ne mai kewa ƙwarai, kowa ya sani.

Rasuwa

Ya rasu ranar 9 ga Nuwamba, 2019, yana da shekara sittin da biyu, bayan gajeriyar jinya. An binne shi kusa da mahaifinsa, da sandar mulki a gaban makara, badujala na bi, unguwannin biyu suna ɗauka bi da bi. Ya bar matarsa, Adelfa, da 'ya'ya uku: Rutilio, magini a Los Angeles, Imelda, mai jinyar tsofaffi a can, waɗanda suka kalli jana'izar ta wayar hannu, da Noemí, wadda ita kaɗai ke da takardar shiga da fita, ita kaɗai kuma ta zo. A bakin kabari ta tambayi wani dattijo: "Kawu, wane irin mutum ne babana?" Ya ce mata magajin gari ne na kirki. Ta ce ba wannan ta tambaya ba.