Ƙofar motata a jikin taksi

Jama'a, yau aka ba ni labarin mutuwata!

Na shiga taksi daga Madarumfa zuwa Maraɗi. Ina rufe ƙofa sai ga sunan ɗiyata, wanda ta karce da ƙusa. Ƙofar motata ce, wadda ke garaji tun kafin damina!

Na ce, "Direba, ina ka samo ƙofar nan?"

Ya ce, "Wurin Sale bakanike. Ya ce mai motar ya rasu."

Na sauka na ruga garajin. Ga motata bisa duwatsu, ba taya, ba batir, kaza na kwanci a kujerata!

Sale ya ɗago, ko kunya babu: "Alhaji, ashe kana nan?"

Yanzu haka shanu ke jan motar gida bisa amalanke. Mamacin zai gyara abarsa da hannunsa.