Wandon Baƙon Kawu Hanfare

Kawu Hanfare ya tsufa yana kai baƙi Dalol, inda ƙasa ke tafasa tana aman ruwa kore da rawaya mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A al'adarmu ta ƙabilar Afar, in ka haɗu da mutum a hanya, dole ku tsaya kowa ya zazzage wa ɗan'uwansa duk abin da ya gani. Kawu bai taɓa wasa da wannan al'ada ba.

Wata rana wani Bature ya ɗare kan wani jiƙaƙƙen dutse ya zauna don a ɗauke shi hoto, bayan Kawu ya hana shi. Da ya miƙe, ruwan gubar ya cinye bayan wandonsa. Kawu ya ɗaura masa mayafi.

"Don Allah, tsoho, kada kowa ya ji," in ji Baturen.

"Wa zan gaya wa a jejin nan, ɗana? Bari dai in gaisa da wancan mai raƙuman gishiri."

Da yamma suka iso ƙauye. Goggo Kadiga mai shayi ta tarbi Baturen, ta jera masa matashi biyu a kan benci, ta ce ya zauna a hankali.