Bizar Goggo

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ana yaye ni Goggo, yayar mahaifina, ta goye ni ta wuce gidanta. Ita ta yi jinyar ƙyandata, ita ta kai ni makaranta, ita ta riƙa zane ni in na tsere rafi. Wadda ta haife ni kuwa, Iya muke ce mata, ko sunana ba ta kamawa, sai dai "yaron nan". In na je gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na ga ana yi.

Da na sami aiki a wani kantin magani a Madina, na kama gida a unguwar Bani Harisa, Goggo ta fi ni murna. Burinta ɗaya ne: ta zo ta zauna, ba irin zuwan umara na a zo a gurguje a koma ba. Ta yi ta salla a Harami, in ajali ya riske ta a binne ta a Baƙi'a. Duk wayar da muka yi sai ta tambaya, "Ka share min ɗakina?"

Ikamata, wato takardar izinin zama, na fitowa na nema mata bizar iyali, wadda ake sabuntawa in ta ƙare. Inda aka tambayi dangantaka na rubuta uwa, ko ɗar ban ji ba. Matata har ta sayo darduma da ƙaramin gado, don gwiwoyin tsohuwa ba sa son hawa. Sai ga amsa: an ƙi.

Na nufi wajen wani dattijo maƙwabcinmu, haifaffen nan, wanda kakanninsa suka zo hajji a ƙasa suka zauna. Bin takardun mutane ne sana'arsa. Ya haɗa fasfon Goggo da takardar haihuwata, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ya daktor, wannan ai ba walidarka ba ce."

"Ita ta raine ni, Baba."

"Na sani, wallahi. Ni ma ammata, 'yar'uwar ubana, ta riƙe ni. Lakin nizami, dokar ƙasar nan, bai san riƙo ba. Wadda ta haifa, khalas."

Na yi ta jeka-ka-dawo har takalmina ya san hanya, ba abin da ya sauya. Ranar da na gaya wa Goggo, sai ta yi dariya.

"To ka kawo uwarka mana, ja'iri. Ni na ci moriyarka tun kana tsumma. Ita ko kallon kirki ba ta taɓa yi maka ba."

Bizar Iya ba ta ba ni wahala ko kaɗan ba, abin har ya ba ni haushi. Ta zo, ta shiga ɗakin da aka shirya wa wata. Muka zauna kamar baƙi biyu a tasha. Saƙonta ta bakin matata yake zuwa: a gaya wa yaron nan ana son goro. Ina kai ta Harami, ranar hutu mu je Uhudu ta sayi dabino da na'ana'a wajen masu rumfuna, kuma kullum sai ta ware na Goggo a ƙulli daban. Yanzu in na tuna watannin nan, kewarsu nake ji, har da shirun.

Na riga na fara shirin kawo Goggo ko da umarar ce, in zafi ya sauka. Wata ranar Laraba na dawo cin abincin rana, na tarar da Iya zaune a falo, inda ba ta taɓa zama ba in ina gida. Ita aka kira a waya daga can gida, ba ni ba. Ta ɗago ta dube ni sosai, ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita.

"Sai haƙuri," ta ce. "Allah ya yi wa uwarka rasuwa."