Faifan da na saya da ajiyar wani a ciki

Salamu alaikum. Ku gafarce ni da zan ɗan tsayar da ku, dole ce ta sa.

Tun safe manhajar ajiyar asibitinmu ke nuna ja. Faifai uku ta haɗe wuri guda kamar rumbu, duk bayanan masu awon ciki suna nan, ɗaya kuma ya fara mutuwa. Na sayo faifai na hannu a Funtuwa don in musanya, sai manhajar ta ce za ta goge duk abin da ke kan wanda na sayo.

Na leƙa. Hotunan wani dattijo ne da shanunsa huɗu, da takardun gonarsa ta wajen Dandume. Ba mu da inda za mu kwashe su.

Yohanna, mai yi mana gyara, ya ce, "Hajiya, danna kawai mana! Wancan ba zai kai jibi ba, kuma saye kika yi."

Na ce, "Ɗan nan, faifan na saya, ban sayi gonar mutum ba."

Tsintuwa sai da cigiya, haka aka karantar da mu. Wanda danginsa suka sayar da kwamfuta kwanan nan, don Allah ya yi mini magana yau ɗin nan.