Bindigar da Tankari Ya Zaɓa wa Ubansa

Duk wanda ya yi zaman kasuwar Tianxiu ta Guangzhou a shekarun da Sin ke shirin wasannin Olamfik ya san Tankari mutumin Maraɗi. Dogo ne, siriri, ba ya dariya sai ya ga dama. Shagonsa na jikin nawa, allon katako kaɗai ya raba mu, ko tari ya yi sai na ji. Ni Abdulgani nake, Bakano, takalma nake lodi. Shi kuwa tocila da batir yake tura wa kasuwannin ƙasarsu, kuma wallahi ya iya ciniki, don na sha ganin Basine ya fita daga shagonsa yana share gumi.

Amma fa mutumin nan gangar jikinsa kaɗai ke Guangzhou. Ɗan fari ne ga Sarkin Bakan wani ƙauye da ke gefen dajin Baban Rafi. A daji ya buɗe ido, ya iya bin sawu tun kafin ya iya karatu. Da namun daji suka ja baya, abinci ya yi wuya a gidan, shi aka tura birni neman na tuwo. Ya yi tallan batir a Maraɗi, ya yi Lome, ya yi Dubai, ƙarshe ƙafa ta kawo shi nan. Ƙanensa Ilu ya zauna gida yana bin tsohon daji. To, Ilun nan shi ne ciwon Tankari.

A gidansu akwai wata wuƙa mai ƙotar ƙahon gwanki, tun ta kakanni. Da ita Sarkin Baka yake yanka abin da ya harba, don su a gidan ba sa cin naman da wuƙa ba ta riske shi da rai ba, komai girmansa. Ɗan da uba ya miƙa wa wuƙar nan shi ne magaji, babu wani taro, babu wata gardama. Tankari ya ba ni labarinta har na haddace. Ya tabbata tasa ce, ai shi ne babba. Sai dai kullum ya buga waya gida, zancen tsohon ɗaya ne: Ilu ya yi kaza, Ilu ya ce kaza. Shi kuwa ko sunansa ba a faɗa, sai "kai na Sin".

Na ce masa, "Haba mutumina, kunyar ɗan fari ce fa. Wane uba ne yake kiran sunan ɗan farinsa gatsau?"

Ya ce, "Na sani, Abdulgani. Amma sanin bai hana ni jin zafi."

Wata Juma'a mun fito daga Masallacin Huaisheng, sai ga Mahamadou, wani ɗan garinsu da ya sauka a makon, mutum mai baki kamar rediyo. Ko gaisuwa ba a gama ba ya fara zuba. Wai tsoho ya tsufa, gwiwa ta ƙi, ba ya iya laɓaɓawa kusa da nama, kafin ya matsa barewa ta ji shi ta yi gaba. Wai yanzu Ilu ke ɗaukar masa bindiga, mutanen gari har sun fara kiransa ƙaramin Sarki. Na dube shi na ce a raina, kai dai Allah ya shirye ka. Da muka dawo shago, shinkafar da muka saya ma Tankari bai taɓa ba, ni na cinye.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ya tafi gida ya nuna fuskarsa. Ina! A shekarar nan an tsananta maganar biza saboda wasanni, wanda ya fita bai san ranar dawowa ba, ga shi gidan gaba ɗaya da shagon nan ya dogara. Sai ya ce tunda ƙafar Baba ta ƙi kai shi wurin nama, shi zai aika masa da bindigar da za ta kai. Ilu dai ɗaukar bindiga ya iya, shi kuwa zai mayar da tsohon maharbi kamar da.

Matsalar ita ce tsohon ya rantse ba zai riƙe bindigar harsashi ba. Shi sai ta toka, wadda zai auna albarushi da tafin hannunsa, ya yi bisimilla, ya ɗura ta baki, ya danna da sanda. Wani Osmanu, ɗan zangon Kumasi mai harkar kwantena, shi ya tsegunta wa Tankari cewa a Amurka har yanzu ana ƙera irin wannan, ta zamani, kuma shi Osmanun yana da wa a can.

Shi ke nan, aka shiga uku. Farko ma Tianhe ya nufa, inda ake sayar da kwamfuta, don a ganinsa babu abin da Sin ba ta da shi. Ya nuna wa wani mai shago hoto ya ce, "Lawban, akwai?", wato maigida. Mutumin ya zaro ido, ya hau kaɗa hannu, "Mayo! Mayo!", wato babu, yana waige-waige. Na ja rigarsa na ce, "Kai mahaukacin ina ne? Garin da ake caje jakar tsohuwa a tashar jirgin ƙasa za ka zo kana tambayar bindiga? Ni fa ina da 'ya'ya!" Daga nan ya gane cewa bindigar nan ba za ta taɓa ƙasar Sin ba. Daga Amurka za ta wuce hannun wani mai lasisi a Yamai, da takardunta cikakku. Nasa dai zaɓe ne.

Zaɓen nan kuwa ya ci mana rai. Ya wuni gaban kwamfuta, mai saye na tsaye yana jira, shi yana ƙwala mini kira ta saman allo.

"Abdulgani, zo ka ga! Wagga ba a gefe take kama wuta ba kamar tamu. 'Yar hular da ke kama wutar na can baya, saitin albarushi, a rufe. Ko ruwa ake ba ta ƙin tashi."

"To saya mana."

"Ta yi nauyi. Kafaɗar Baba ba ta ɗauka."

Gobe ya samo mara nauyi, sai ya karanta cewa mara nauyi ta fi shuri, za ta iya zaunar da tsoho ƙasa. Jibi ya ga mai dogon baki, wadda ta fi kai nesa, amma yana tsoron ta riƙa sarƙewa a ƙaya. Akwai masu son albarushi dunƙulalle kamar ƙwayar magani, nan take ya soke su, ya ce in Baba bai auna da hannunsa ba, ba zai taɓa ta ba. Ya nace sai mai farin ƙarfe da ba ya tsatsa, sai wadda ake karyawa ta tsakiya a wanke ba wahala. Na lura duk abin da zai sa tsohon ya nemi taimakon wani, Tankari gudunsa yake.

Rannan na gaji na ce, "Tsakani da Allah, don Baba kake wannan ko don Ilu?"

Ya ce, "Ina kishinsa, Abdulgani. Ni nike ciyar da gidan, shi yake tafiya bayan Baba. In na tuna sai in ji abinci ya fita raina."

Ƙarshe ya tsaya kan wata mai madubin hangen nesa, wadda aka ce tana kayar da babban nama daga inda mutum ba ya gane fuskar ɗan'uwansa. Wannan nisan shi ya ja hankalinsa. Ya buga hoton ya manna a bangon shago, kowa ya shigo sai ya sha bayani. Aka gama wasanni, aka kashe wutar Olamfik, bindiga na can tana bin hanyarta daga ofis zuwa ofis. Sai bayan kaka ta isa ƙauyen.

Da labari ya zo cewa tsoho ya fita da ita daji, Tankari ya kira ni da Osmanu shagonsa da tsakar rana, ya buɗe muryar waya don mu zama shaida. Har sabuwar shadda ya sa, kamar tsohon zai gan shi.

"Kai na Sin!" in ji tsohon, muryarsa tas. "Wagga bindiga taka aljana ce. Ran farko na hangi gwanki can ƙetaren fadama, ina zaune bisa kututture na saki, ya faɗi."

Tankari ya dube mu, baki har kunne.

"Sai dai kafin in ja gwiwata in isa, rai ya fita. Ya zama mushe. Tunda nike ban taɓa bar wa ungulu nama ba sai ran nan. Da ta toka kusa nike harbi, taku kaɗan na kai wuƙa. Wagga kuwa mai harbi daban, mai yanka daban."

Na ga murmushin Tankari ya tsaya cak.

"Da muka koma, sai na zare wuƙar na ba Ilu, na ce in ka ji ƙara ka sheƙa. Ka san shi da gudu. Ya riske shi da rai, ya yanka, gari duka an ci. Tun ran nan wuƙar na ƙugunsa, na ce ta zauna nan. Na daɗe ina juya zancen ga a raina ban san yadda zan yi da ku ba, sai ga shi kai da kanka ka raba mini gardama. Allah shi yi maka albarka."

"Amin, Baba," in ji Tankari.

"Ga Ilu, zai yi maka godiya."

Ya saurari godiyar har ƙarshe, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya ce a gaida kowa. Osmanu ya sulale ya fita. Ni kuwa, tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na riƙa yi masa tsiya.

Ya ajiye wayar, ya ɗaga kai ya dubi hoton nan na bango. Ya ce, "Duk cikinsu ita ta fi kai nesa, Abdulgani. Ni na zaɓe ta."