Kunnen Pak Embong

Pak Embong bai taɓa jefa koma da hannunsa ba, amma duk masuntan garin sun ci albarkacin kunnensa. Da ƙuruciyarsa aikinsa sauraron kifi ne. In jirgi ya yi nisa cikin teku, sai ya sulale cikin ruwa, ya dafa gefen jirgin, ya nutsar da kai. Inda ya nuna in ya ɗago, nan ake baza koma. Yakan ce wani kifin ƙararsa kamar mai a kasko, wani kamar iska cikin ganyen kwakwa.

Yanzu tsufa ya kama shi, kunnen ya yi nauyi. Baƙi kan zo su yi wasa a farin yashi, su hau tudu kallon tsohuwar ganuwa, shi kuwa yana zaune bakin ruwa yana lumshe ido.

Wata safiya matarsa, Mak Lijah, ta yi ta kiransa bai waiwayo ba.

"Tsohon nan, kifi kake ji, ni ba ka ji na!"

Ya kama hannunta suka shiga ruwa har ƙirji. Tun tana amarya take fere kifi, ba ta taɓa sauraronsu ba. Ta nutsa, ta ɗan jima, ta ɗago mayafi na ɗiga.

"Ashe haka suke da surutu?"

"Ai ba su kai ki ba," in ji shi.

Ta watsa masa ruwa, ta ja numfashi, ta sake nutsawa.