Awadiyya da Fudin Mai Kitsen Ƙoda

Shekara talatin da ɗaya, in an cire Juma'a da ranakun salla, ƙarfe shida da rabi na safe bai taɓa riskar Awadiyya Abbakar a ɗakinta ba. Da ta shafa addu'a sai ta yafa mayafi, ta sauko daga hawa na huɗu a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira, ta kutsa tsakanin masu keken tuktuk da masu sayar da wake, ta haye gadar layin dogo, sai unguwar Muhandisin. Mai gadin gidan da take aiki ya ce in ya ji takun silifas ɗinta, ya san lokacin ɗora shayinsa ya yi. Kafin bakwai da rabi ta gasa burodi, ta buɗe kwalbar jam ɗin lemo mai ɗaci wanda da hannunta take dafawa duk shekara lokacin sanyi.

Bahaushiyar Sudan ce, haifaffiyar garin Mai Wurno. Kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso za su Makka, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. Ta zo Alƙahira bayan rasuwar mijinta, da 'ya'ya biyu, da hannun tuwo da miyar kuka. Allah da ikonsa, sai ya jefa ta kicin ɗin Madam Edna, Baturiyar Ingila da ke auren wani likita Bamisire, matar da ta yarda ta bar ƙasarsu amma ta ƙi yarda ta bar abincinsu.

Har yau in Awadiyya tana ba da labarin makonta na biyu a gidan, sai ta rufe baki da mayafi don dariya. A makon farko an koya mata wani abu wai shi fudin: burodi da man shanu da madara da ƙwai da sukari, a gasa. To, ta riƙe a ranta cewa fudin kayan zaƙi ne. Ranar Lahadi za a yi baƙi, Madam ta ce a gasa naman sa, a yi masa fudin ɗin Yoksha, wani yanki na Ingila, ta zayyano mata gari, ƙwai, madara, gishiri kaɗan. Awadiyya ta ce a zuci, baiwar Allah ta manta sukari. Sai ta rufa mata asiri, ta zuba ludayi guda, ta ƙara ɗan ƙamshi. Baƙi suka kwarara romon nama a kai suka kai baki. Likita ya tauna, ya tauna, ya ɗaga kai yana kallon fanka.

Madam ta biyo ta kicin tana share hawayen dariya. Da Larabcinta mai karkacewa ta ce, “Awadiyya, mu a wurinmu fudin iri-iri ne. Akwai na sukari, akwai na gishiri. Akwai ma na jinin alade, amma wannan ba zan taɓa sa ki ba.”

Awadiyya ta ce, “To Madam, abinci goma suna ɗaya? Sunaye ne suka ƙare muku?”

Daga ranar ba ta sake yarda da suna ba, sai ta tambaya, ta gani, ta ɗanɗana. Ta iya fai ɗin makiyayi, niƙaƙƙen naman rago a ƙasa, dakakken dankalin turawa a sama. Ta iya gasa tuffa ƙarƙashin marmashin gari da man shanu, a ci da kastad mai ɗumi. Ta iya fudin ɗin Kirsimeti da ake haɗawa wata guda kafin ranar, kowa a gidan sai ya juya ƙullun da muciya. Inda Turawa ke zuba giya, ita ruwan lemo take zubawa, tun farko a kan haka suka shirya. Eman, 'yar Madam ɗaya tilo, wadda ke kiranta Dada, wato mai reno, tun tana sakandare, ta ce da ta koma Ingila da zama, gidan duk da ta ci waɗannan abubuwa sai ta ji bai kai na Muhandisin ba.

Likita ya rasu, shekaru suka tura. Bara, Madam tana da tamanin da takwas, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Larabcin da ta tara shekara sittin ya gudu gaba ɗaya, Turancin ma 'yan kalmomi suka rage. Sannan ta daina cin abinci. Likitan da ke duba ta ya ba da kwana uku: in ba ta ci ba, asibiti za a kai ta, a zura mata roba ta hanci. Wannan kuwa shi ne abin da Madam ta fi tsoro a duniya. Tun tana da bakinta, bayan ta ga yadda mijinta ya ƙare, ta riƙe hannun Awadiyya ta ce ta yi mata alkawari ba za ta bari a fitar da ita daga gadonta a zura mata roba ba. Awadiyya ta ɗauka, alhali ta san ita mai girki ce, ba ta da ta cewa a gaban likita.

Kalma ɗaya Madam ke maimaitawa: fudin. Eman, da ta taso daga Ingila hankali a tashe, ta kwaso duk wani mai zaƙi mai laushi, kastad, shinkafa da madara, har da Umm Ali, kayan zaƙin Misirawa, daga shago. Madam ta datse haƙora. Awadiyya, da ta san kalmar tana da rassa, ta yi na Yoksha da romo. Shi ma ta kawar da kai.

Rana ta biyu da hantsi Eman ta shigo kicin ta jingina da firji. “Dada, khalas, ya isa haka. Ba ta san me take faɗa ba. Mu kai ta yau, kar ta mutu da yunwa a gabanmu.”

“Ma'alish, yi haƙuri, 'yata. Ba ni yau kawai. In magariba ta yi ba ta ci ba, ni zan haɗa mata kaya.”

Ba ta koma kan murhu ba. Kujera ta ja gefen gado ta zauna, ta zuba wa tsohuwar ido. Hannun hagu, mai sauran motsi, yana ta wasa da hankici: ya tattaro gefunan sama, ya zagaya da yatsa, ya ja kamar mai ƙulli, ya saki, ya sake. Nas ɗin da ke kula da ita ta ce ciwon ne, haka suke yi. Awadiyya ta kalli abin sau biyar, sau shida, sai ta gane. Ta taɓa ganin wannan ƙullin, sau ɗaya tak. Sama da shekara ashirin da suka wuce, Likita ya tafi Iskandariyya taro, Madam ta shigo kicin tana sanɗa kamar mai satar nama a tukunya, ta yi wani fudin irin na mahaifiyarta: ƙullun gari da kitsen ƙoda, a shimfiɗa shi cikin kwano, a cika da nama da ƙoda, a rufe da ƙyalle, a ɗaure da zare, a turara kamar alala. Likita ya hana kitse a gidansa saboda ciwon zuciya, don haka ba a sake yi ba.

Ukasha mahauci ya shaida cewa ranar a guje ta iso shagonsa, mace mai ciwon gwiwa.

Ta ce, “Kitsen ƙodar saniya nake so, mai tauri, wanda ke manne da ita. Kar ka ba ni na wutsiyar rago.”

Ya ce, “Ya Hajja, shekara nawa kina sa ni ina yanke miki kitse ina zubarwa? Yau kuma shi kike nema?”

“Yau shi ne magani. Yalla, yi maza, haɗo da ƙodar.”

Ba ta tuna awo ba. Ƙullun farko ya yage a cikin kwano, ta zubar ta sake. Ta daddatsa kitsen har ya koma kamar tsaki, ta murje shi da gari da gishiri da ruwan sanyi, ta yanka naman ƙanana-ƙanana don mai raunin haƙori. Awa huɗu tana tsaye kan tukunya tana ƙara tafasasshen ruwa, azahar ma a bakin kicin ta yi ta. Da ya nuna ba ta juye shi a faranti ba. Kwanon ta ɗauko da ƙyallensa da zarensa, ta ajiye a kan cinyar Madam, ta kama hannun nan na hagu ta ɗora a kan ƙullin, suka warware tare.

Tururi ya tashi. Tsohuwar ta shaƙa, ta lumshe ido, ta buɗe baki da kanta. Cokali ɗaya, biyu, Eman tana ƙirgawa a bakin ƙofa har bakwai. Sai Madam ta ɗago ta dubi Awadiyya, baƙar mace 'yar Mai Wurno wadda ita Madam ɗin ta girme ta da kusan shekara talatin, ta ce, “Mami.”

Eman ta matso za ta gyara mata. Awadiyya ta ɗaga mata hannu, ta amsa, “Na'am. Ci ki ƙara.”

Wata bakwai Madam ta ƙara a duniya, a kan gadonta, ba roba. Bayan rasuwarta Awadiyya ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi hawa gadar nan. Yanzu duk Asabar matan da yaƙi ya koro daga Sudan suna cika ɗakinta, tana koya musu girkin Turawa a 'yar ƙaramar tandarta don su samu aiki a gidajen unguwar Ma'adi. Darasinta na farko kullum ɗaya ne: in an ce miki fudin, ki tambaya wanne.

Na tambaye ta wanne ta fi so cikin abincin nan da ta ƙare ƙuruciyarta a kansa. Ta yatsine fuska ta ce, “Ko ɗaya. Ba yaji, ba daddawa, wallahi sai ka ce abincin mai jinya. Amma ai ba ni zan ci ba.”

Awadiyya, ke ce kika shekara talatin da ɗaya kina gyara abincin da bai taɓa yi miki daɗi ba, ba ki taɓa yi masa aikin ganin dama ba. Ke ce kika ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfinki, kika cika shi da gari da kitse da zare. Uwar kicin, mai idon gani. Ba a rubuta sunanki a ko'ina ba, shi ya sa na rubuta shi a nan, kuma raina ya sosu da na ga sai yanzu aka yi.

Mun gode, Dada. Allah ya sassauta miki gwiwoyin nan, ya ba ki mai zama gefen gadonki ranar da baki ya gaza. Ku kuma masu tsofaffi a gida, kafin ku ce ba su san me suke faɗa ba, ku ja kujera ku zauna tukuna. Na ce wa Awadiyya, wata bakwai ana kiranki da sunan wata, bai dame ki ba? Ta ce, “Uwarta take nema, ni ce a kusa. Har ta cika ban taɓa ce mata ba ni ba ce.”